Yadda ake tantance hukuncin alƙali a ƙwallon Amurka kafin a hau musu

Masu bin NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, a Bauchi ba su da yawa, amma musunsu ya fi ƙarfin yawansu. Wasannin farko na ranar Lahadi suna farawa da ƙarfe 6 na yamma agogon Najeriya a Satumba da Oktoba, su koma ƙarfe 7 daga farkon Nuwamba idan Amurka ta mayar da agogonta baya. Don haka sai an idar da sallah ake taruwa, ko a ɗakin ɗalibai a Yelwa da Gwallameji an kewaye kwamfuta ɗaya, ko a gidan kallo idan an tashi daga Firimiya mai gida ya yarda ya juya tasha. Da alƙali ya wurga ƙyallensa rawaya, alamar an yi laifi, sai ɗaki ya kaure. Wannan ya ce an saye shi, wancan ya ce ai a gaban kowa aka yi. Washegari a teburin mai shayi a ɗora daga inda aka tsaya.

Abin da ke hana irin wannan musu ƙarewa shi ne tambayoyi uku ake cakuɗawa wuri ɗaya: me doka ta ce, me ya faru a fili, sannan ita dokar tana da kyau ko ba ta da shi. Kowacce da hanyar amsa ta.

Fara da ajiye idon ƙwallon ƙafa

Wanda ya taso da kallon Wikki Tourists a filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa ya saba cewa idan aka bangaje mutum ya faɗi, laifi ne. A nan bangaza ita ce wasan. Ba ƙarfin karo ake hukuntawa ba. Ana duba wa aka buga, a wane sashe na jikinsa, kuma a wane lokaci. Babu jan kati, babu katin gargaɗi. Idan aka kori ɗan wasa wani ne zai shigo madadinsa, ƙungiya ta ci gaba da mutum 11. Yawancin laifuffuka kuma ba sa tsayar da wasa: alƙali ya jefa ƙyalle, a ci gaba har ƙwallo ta mutu, sannan a yi lissafi. Kuɗin laifi a wannan wasa yadi ne, kuma yadi ɗaya bai kai mita ɗaya ba kaɗan.

Kafin a ɗaga ƙwallo, wato a ɗauke ta daga ƙasa don fara yunƙuri, kalli ƙasan allo ka riƙe abu uku: yunƙuri na nawa ake cikin huɗun da ake ba masu kai hari don su ci yadi 10, yadi nawa ya rage musu, da lokacin da ya rage. Laifin yadi 5 a farkon wasa ba komai ba ne. Shi dai wannan laifin a yunƙuri na uku saura minti biyu yana iya raba gardamar kofi. Layin rawaya da kake gani a talabijin kuma gidan talabijin ne ya zana shi, 'yan wasa da alƙalai ba sa ganinsa. Kada ka kafa hujja da shi idan abin na inci ne.

Waye ya jefa, kuma yaushe

Alƙalai bakwai ne a fili. Mai farar hula shi ne babba, yana tsayawa bayan masu kai hari, idonsa na kan kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, kuma shi ke sanar da hukunci ta lasifika. Sauran shida baƙar hula suke sawa. Ɗaya yana lura da ƙartin da ke turereniya a tsakiya, biyu suna bakin layi daidai inda aka ajiye ƙwallo, uku suna can baya suna bin masu gudu don cafkewa. Kowa da mutanen da aka ɗora masa. Shi ya sa maganar "ga shi a gabansa amma bai gani ba" ba kullum take tsayawa ba, domin mai yiwuwa alƙalin da ka gani kusa aikinsa a wannan daƙiƙa kallon ƙafar wani ne a bakin layi.

Idan ƙyalle ya tashi kafin a ɗaga ƙwallo, kusan kullum laifin tsayuwa ne, yadi 5. Idan ya faɗi a tsakiya bayan an fara, yi zaton riƙo. Idan daga can baya ya taso ƙwallo na sama, to batun tare mai cafkewa ne. Idan bayan usur ne, rashin ɗa'a ne ko mugunta.

Sannan a yi shiru a saurari mai farar hula. Zai faɗi laifin, ɓangaren da ya yi, lambar ɗan wasan, yadin, da yunƙurin da za a shiga. Idan ƙarar janareto ta hana ji, hannunsa ya isa. Ya kama wuyan hannunsa ɗaya a gaban ƙirji, riƙo ne. Ya miƙa tafukan hannu biyu gaba kamar mai tura ƙofa, tare mai cafkewa ne. Ya riƙe ƙugu, shiga gaban layi ne. Ya riƙa juya hannuwa kamar mai naɗe zare, wani cikin masu hari ya motsa kafin lokaci. Ya buga wuyan hannu ɗaya kan ɗaya a saman kai, laifin mugunta ne, yadi 15. Ya buɗe hannuwa gefe da gefe tafuka na kallon ƙasa, rashin ɗa'a ne, shi ma 15.

Ka kuma tuna ƙungiyar da aka yi wa laifi tana da damar ta ce ta yafe. Idan masu hari sun yi riƙo a yunƙuri na uku kuma jifansu bai kamu ba, masu tsaro sukan ƙi karɓar yadi 10 ɗin, domin karɓa zai sake ba abokan hamayya wannan yunƙurin. Ba rangwame alƙali ya yi wa kowa ba.

Inda ƙwallo take, nan hukunci yake

Rabin rigimar da ake yi kan alƙalai tana tsakanin mai cafkewa da mai tsaronsa, kuma laifuffuka uku ne masu kama da juna. Tambayar da ke raba su ɗaya ce: a lokacin da aka taɓa shi, ƙwallo tana hannun kwatabak ko ta tashi?

Idan tana hannu, mai tsaro yana da izinin tunkuɗe mai cafkewa daga gabansa cikin yadi 5 na farko. Ya wuce nan ya ci gaba da tunkuɗa alhali kwatabak na tsaye a gurbinsa bayan ƙartin da ke kare shi, laifi ne, yadi 5 da sabon yunƙuri na farko. Idan riga ko hannu ya kama ya hana shi tafiya, riƙo ne, shi ma yadi 5 da sabon yunƙuri. Amma da zarar ƙwallo ta tashi, laifin ya zama tare mai cafkewa, kuma shi ne mafi tsada a littafin: a NFL ana kai ƙwallo daidai inda aka yi laifin ko da yadi 50 ne, idan kuma a cikin filin maki ne, wato bayan layin ci, a ajiye ta yadi 1 daga layin ci. A wasan jami'o'in Amurka ba ya wuce yadi 15. Mutane da yawa suna musu da dokar jami'a a baki alhali NFL suke kallo.

Kafin ka ce an tare mai cafkewa, tabbatar da huɗu. Jifan gaba ne. Babu wanda ya taɓa ƙwallon a hanya, domin da an shafe ta ko da ɗan yatsa ne wannan laifi ya faɗi. Ƙwallon mai kamuwa ce, ba wadda ta wuce can cikin 'yan kallo ba. Sannan taɓawar ta hana mutum damarsa da gaske. Ƙafafu su sarƙe alhali su biyun suna kallon ƙwallo ba laifi ba ne. Mai tsaro yana da haƙƙin ƙwallon nan daidai da mai cafkewa, matuƙar ita ya nufa ba jikin mutum ba. Mai hari ma idan ya ture mai tsaro don ya samu sarari, yadi 10 ne a kansa.

Auna wannan da wasa biyu. Ranar 20 ga Janairu 2019, Saints da Rams, wanda ya ci zai je Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin gasar, maki 20 da 20, saura ƙasa da minti biyu. Nickell Robey-Coleman na Rams ya afka wa Tommylee Lewis na Saints kafin ƙwallo ta iso, bai ma waiwaya ya neme ta ba. Jifan gaba, ba a shafe ta ba, mai kamuwa, an hana shi dama: huɗun sun cika, kuma ba a jefa ƙyalle ba. Rams suka ci 26 da 23 a ƙarin lokaci. Wannan kuskuren alƙalai ne zalla, shugaban gasar Roger Goodell ma ya amsa daga baya cewa ya kamata a hukunta.

Na biyun shi ne Super Bowl na Fabrairu 2023, Chiefs da Eagles, 35 da 35, shi ma saura ƙasa da minti biyu. Aka kama James Bradberry na Eagles da riƙe JuJu Smith-Schuster na Chiefs, Chiefs suka samu sabon yunƙuri, suka cinye lokaci, suka buga maki 3 saura daƙiƙa 8. Masu goyon Eagles suka ce ai jifan ya yi nisa, ba zai kamu ba. To amma sharaɗin kamuwa na laifin tarewa ne, bai shafi riƙo ba, kuma riƙon an yi shi ne kafin jifa. Bradberry da bakinsa ya amsa bayan wasa cewa ya ja rigar. Hujjar da ta rage, kuma mai ƙarfi ce, ita ce an bar irin wannan taɓe-taɓe ya wuce tun farkon wasa, me ya sa sai a nan? Wannan ƙorafi ne na rashin daidaito, kuma a ganinmu shi ne ƙorafin da ya fi cancanta a yi wa alƙalan NFL. Sai dai wanda ya kawo shi ya nuna inda aka bari, ba ya faɗa da baki kawai ba.

Riƙon masu hari a tsakiya, yadi 10, kada ya ɗauke maka lokaci. Hannu a cikin ƙirjin abokin karo halal ne. Laifi shi ne a kama ta waje, a murɗe, a janyo, ko a kayar, har a hana mutum isa ga mai ƙwallo.

Ya cafke ko bai cafke ba

Sharaɗi uku ne a jere: ya mallaki ƙwallo a hannu, ƙafa biyu ko wani sashe na jiki ban da tafin hannu ya sauka cikin fili, sannan ya yi motsi irin na mai ƙwallo, kamar taku na uku, ko miƙa ta gaba, ko rungume ta. A jami'a ƙafa ɗaya ta wadatar. Ƙwallo ta ɗan motsa a hannu ba matsala ba ce muddin ba ta kuɓuce ba.

A nan shekara tana da muhimmanci. A Janairu 2015 Dez Bryant na Cowboys ya yi tsalle ya kamo ƙwallo a gidan Packers, ya yi taku, ya faɗi yana miƙa hannu, ƙasa ta girgiza ƙwallon. Aka ba shi, kocin Packers ya ƙalubalanta, aka soke, domin dokar lokacin ta ce mai faɗuwa dole ya riƙe har ya gama faɗuwa. A 2018 aka cire wannan sharaɗi. Wanda ya ɗora dokar yau a kan wasan 2015 ya ce alƙali ya yi zalunci, bai yi wa alƙalin adalci ba.

Abin da bidiyo ke iya gyarawa

Koci yana da jan ƙyalle, yana iya ƙalubalantar hukunci sau biyu, kuma tun daga 2024 idan ya ci ko da ɗaya cikin biyun ana ƙara masa na uku. Idan ya faɗi, ya rasa ɗaya daga hutun tsayar da agogo guda uku da yake da su a wannan rabin. Dole ya jefa kafin a ɗaga ƙwallo ta gaba. A minti biyun ƙarshe na kowane rabi, da ƙarin lokaci, da duk inda aka ba da maki ko aka ce ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya, ba ruwan koci, jami'an bidiyo ne ke dubawa da kansu, kuma ofishin gasar a birnin Niyok na da hannu a yanke hukunci.

Ma'aunin sokewa shi ne hujja bayyananna ƙarara. Idan ɗakinku ya rabu biyu bayan an maimaita sau biyar, to hukuncin fili zai tsaya, kuma hakan bin doka ne. Bidiyo yana duba abin da ido zai iya tabbatarwa: ƙafa ta taka layi, gwiwa ta taɓa ƙasa kafin ƙwallo ta suɓuce, ƙwallo ta kai layin ci. Ba ya jefa ƙyallen riƙo ko tarewa da alƙali bai jefa ba. An gwada duba laifin tarewa ta bidiyo a kakar 2019 saboda abin da ya sami Saints, rigimar ta ƙaru, aka yi watsi da shi bayan kaka ɗaya.

Hattara da maimaici mai tafiyar hawainiya. Yana mayar da taɓawar ƙiftawar ido kamar an daɗe ana riƙo, yana sa karon da ba makawa ya yi kama da na ganganci. Kalli abin sau biyu da saurinsa na ainihi, sannan ka rage gudu don duba layi da ƙafa kawai. Hoto tsayayye da ake yawo da shi a WhatsApp ba hujja ba ne, domin ba ya nuna ko ƙwallo ta tashi.

Laifin alƙali ko laifin doka

A Janairu 2002, cikin dusar ƙanƙara, Charles Woodson na Raiders ya bugi Tom Brady, kwatabak ɗin Patriots a lokacin, ƙwallo ta faɗi, Raiders suka ɗauka. Bidiyo ya mayar da abin jifan da bai kamu ba, saboda wata doka ta lokacin da ta ce muddin hannun kwatabak ya fara tafiya gaba, ko yana kan janyo ƙwallon jikinsa ne ta suɓuce, jifa ne. Patriots suka ci 16 da 13. Alƙali ya bi littafi, littafin ne ya karkace, kuma an soke dokar a 2013. Kwatanta da Satumba 2012, lokacin da alƙalan ainihi ke takun-saƙa da hukumar gasar aka kawo na wucin gadi: a jifan ƙarshe na wasan Seahawks da Packers alƙalai biyu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa kowa na nuna alama daban, aka ba Seahawks, 14 da 12, hukumar kuma ta amsa cewa Golden Tate na Seahawks ya ture mai tsaro kafin tsalle. Kwana biyu aka daidaita da alƙalan ainihi. Akwai kuma na uku, hukunci mai zafi amma daidai, kamar Disamba 2023 da aka soke wa Chiefs kyakkyawan ci a wasansu da Bills saboda ƙafar ɗan wasansu Kadarius Toney ta wuce layi kafin a fara.

Rashin ɗa'ar 'yan wasa

A cikin fili, kwatabak shi ya fi kowa kariya. Bayan ya saki ƙwallo mai tsaro taku ɗaya kawai aka yarje masa. Ba a bugunsa a kai ko wuya, ba a afka masa a gwiwa ko ƙasa da ita, ba a danne shi da dukan nauyin jiki. Kowanne yadi 15 ne da sabon yunƙuri, kuma littafin ya umarci alƙali idan yana shakka ya hukunta. Kana iya cewa dokar ta yi yawa, mu ma wani lokacin muna ganin haka, amma ka san da wa kake faɗa. Haka mai cafkewa da ke sama bai kare kansa ba, ba a nufar kansa. Sunkuyar da kai a tunkuyi mutum da hular kwano, murɗe ƙarfen gaban hula, fizgo mutum ta wuyan riga daga baya, duk 15 ne. Tsokana da zagi ma haka, kuma wanda ya yi irin wannan sau biyu a wasa ɗaya an kore shi.

Hukuncin fili daban, na ofis daban. Hukumar tana sake kallon wasanni, ta ci tara ko ta dakatar ko da ba a jefa ƙyalle ba, ɗan wasa kuma yana iya ɗaukaka ƙara. Idan za ku kwatanta hukunci biyu, ku fara tabbatar da cewa iri ɗaya ne. Myles Garrett ya tuɓe wa Mason Rudolph hular kwano ya buga masa ita a kai a Nuwamba 2019, aka dakatar da shi sai abin da hali ya yi, ya rasa wasa 6. A shekarar dai Vontaze Burfict ya rasa wasa 12 kan karo ɗaya da kai, saboda tarin laifuffukansa na baya aka haɗa. Calvin Ridley ya rasa kakar 2022 gaba ɗaya kan yin caca da wasannin gasar, Brady ya zauna wasa 4 a 2016 kan batun rage iskar ƙwallo. Waɗannan biyun laifin taɓa amanar wasa ne, babinsu daban. Ray Rice kuma, a 2014, wasa 2 aka fara ba shi kan dukan matar da zai aura, sai da bidiyo ya fito aka tsananta. Wannan abin kunya ne ga hukumar, kuma sukar da hukuncin farko ya jawo ce ta sa ta kafa wasa 6 a matsayin mafarin hukuncin irin wannan laifi. Wanda ya ce an raina darajar mace a hukuncin farko ya faɗi gaskiya, kuma babu son ƙungiya da zai sa a kare duka.

A majalisa

Wanda ya tayar da magana shi zai kawo bidiyo, cikakke, daga kafin a ɗaga ƙwallo har bayan usur, ba guntun daƙiƙa uku ba. A tambaye shi cikin mutunci: "Malam, wane laifi aka kira, kuma a wace shekara?" Idan ya faɗi suna, a buɗe littafin dokoki, yana nan kyauta a shafin intanet na NFL, kuma ana sabunta shi duk shekara, don haka a duba na kakar da aka buga wasan. A sa wanda ba ya goyon ko ɗaya cikin ƙungiyoyin biyu ya riƙe wayar. Zargin sayen alƙali a ajiye shi gefe sai an kawo shaida, domin da ya shigo ba a ƙara kallon bidiyo. Idan hukuncin babba ne, a jira zuwa safe: bayan wasa akan tura ɗan jarida ɗaya ya yi wa alƙalin tambayoyi a madadin sauran, a wallafa amsarsa. A nan za a ji wane cikin bakwai ɗin ne ya jefa ƙyallen da abin da ya ce ya gani, sai a koma bidiyo a nemi inda yake tsaye.